Ƙofar da Aka Rufe wa Labarina

Kambarawa

Gari bai gama wayewa ba muka fito daga gidanmu a Kambarawa, ni da Yaya Basiru da aka sa ya raka ni. Malamar Hausarmu ce ta haɗa ni da wasu marubuta labaran tarihi, bayan ta karanta wanda na rubuta a kan wata yarinya ta zamanin da ganuwa ke tsaye. Tun a zaure Umma ta ja mini kunne: in karanta musu farkon, amma kada in faɗi ƙarshen, don ta nan ake sace labari. Mai keke napep ɗin da muka hau ya tambaya ko jarrabawa za ni da sassafe haka. Yaya ya ce kusan hakan ne.

Ƙofar Durbi

Mun sami marubutan tsaye wajen mai ƙosai. Babbansu, Malam Sada, dogo ne, gilashinsa ɗaure da zare ta gefe ɗaya. Bayan doguwar gaisuwa ya ce su ba a zaune suke sauraron labari ba; inda mutanen labarin suka bi, nan suke bi da ƙafa. Tunda daga nan yarinyar ta tashi, daga nan za mu tashi. Na karanta shafin farko. Wata Madam Rifkatu, ma'aikaciya 'yar kudancin Kaduna, ta matso har kafaɗarta na taɓa tawa. Na karkatar da takardar.

Cikin gari

Lungu-lungu muka bi, tambayoyi ba iyaka. Da takalmi take tafiya? Me ta ɗauko a kai? Duk amsar da na bayar sai su kalli juna, abin da ya ƙara tsorata ni ke nan. Ƙosan da Madam ta saya mini na miƙa wa Yaya, ya cinye hankalinsa kwance.

Ƙofar Guga

Rana ta fara zafi muka iso. Malam Sada ya juyo.

"To 'yata, mun kawo ta ƙofa. Sai mi ya faru?"

Na kalli ƙafafuna da suka yi buɗu-buɗu. Madam ta ce in ba na so a bar shi, ba dole. Na kasa gane ko kirki ne ko dabara. Can dai na faɗa: da dare yarinyar ta fice ta wannan ƙofa, ta kirawo wa babanta da ya karye mai ɗori daga ƙauye.

"Ba ta fita ba," in ji Malam. "Da magariba ake rufewa, kuma mai tsaron ƙofa ba ya buɗe wa kowa."

Idona ya kawo ruwa. Su kuwa sai musu ya kaure. Wani ya ce ta kwana a bakin ƙofa, Madam ta ce ta je ta roƙi matar mai tsaron, wani ya ce ai cikin birni ma akwai masu ɗori. Malam ya tsayar da su, ya ce ni zan fitar da ita, su nasu kawai su nuna mini ƙofar a rufe take.

Gida

Da azahar muka dawo. Umma ta tambaya ko na faɗi ƙarshen. Na ce na faɗa, amma ko an sata ba zai yi wa kowa amfani ba. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Malam Sada da mutanensa. Na samo yadda yarinyar za ta fita, kuma su kaɗai za su iya gaya mini ko hanyar za ta ɓulle. Zan karanta musu, amma takardar a hannuna za ta zauna.