Aron Dagi

Shekaru kaɗan kafin Turawa su tattara nasu ya nasu su tafi, mishan suka ajiye wani mutum a garinmu, nan ƙasar Goronyo, yana ba da magani. Baƙar fata ne kamarmu, Kirista daga kudancin Zazzau, ya zo da matarsa da 'yarsu ɗaya mai shekara huɗu. Likita muke ce masa, ko da yake ƙwayar kuturta da ruwan wanke gyambo da maganin ido su ne iyakar kayansa. Gidan da aka ba shi yana manne da nawa, dangar kara ce kawai tsakaninmu. Ni lokacin ina da mata da ɗa ɗaya, ina noman albasa a fadama.

An gindaya musu sharaɗi cewa ba wa'azi a kasuwa, ba wa'azi a ƙofar gidan kowa. Wata rana na tsokane shi, na ce tun da an ɗaure masa baki, me ya rage masa a garin nan? Ya yi dariya ya ce, "Maƙwabci, an hana mu da baki, ba a hana mu da hannu ba." Ni kuwa bakina ba ya riƙe magana. Na ɗauke ta na kai gindin tsamiyar ƙofar masallaci, inda maza ke hira, don in ba su dariya. Daga ranar, duk alherin da mutumin nan ya yi sai a ce tsaba ce ake watsa wa kaza. Ni na ba su wannan sandar da hannuna.

Amma magani ba wanda ya ƙi. Masu zancen tsabar su ne kan gaba a layi ran kasuwa. Da idon ɗana ya ruɓe da kwantsa har ba ya buɗewa, kwana bakwai Likita yana shigowa safe da yamma yana ɗiga masa magani. Kuma ya kama al'adarmu da wuri. A wurinmu ba a gayyar haƙan kabari, da an ji rasuwa kowane namiji sai ya saɓi abin haƙarsa ya nufi maƙabarta. Shi ma haka yake yi. Ba ya shiga sahun salla, yakan ja gefe ya tsaya, amma haƙa da ɗauko itace da kwaɓa ƙasa duk da shi ake yi. Ranar da mahaifina ya rasu, ni da shi muka fi kowa daɗewa a cikin ramin.

Da bazarar shekararsa ta uku baƙon dauro ya shigo gari, ya kwashi yara. Likita yana ta yawon gidaje har cutar ta bi shi nasa. Wata Talata da hantsi muka ji kukan matarsa ta bayan danga, 'yar ta rasu. Matata tana daka, ta ajiye taɓarya ta yi salati.

Maigari ya ce maƙabarta ta Musulmi ce, amma ya nuna masa wani fako a bayan gari, ta hanyar Wurno. Duk wanda ya san fako da bazara ya san ƙasar ba ta da maraba da dutse. Baturen mishan yana can Sakkwato, sai wata-wata yake leƙowa, ba kuma wani Kirista a garin.

Na fito da niyyar tafiya, wallahi da niyya na fito. Sai na ce bari in biya ta gindin tsamiya in ga wa zai tashi mu tafi tare. Maza sun fi goma a zaune. Ba wanda ya ce haramun ne, liman ma ba ya wurin. Wani dattijo ya ce, "Mu dai ba mu san yadda suka yin nasu ba." Wani sa'ana ya nuna ni da baki ya ce, "Ga abokinai nan, ɗan mishan. Shi tahi mana, ai shi ya ci tsaba." Aka yi dariya. Ni ma na yi, na nemi wuri na zauna. Ba duka na ji wa tsoro ba, ba kora ba. Sunan nan kawai na ji wa tsoro, kada ya manne mini.

Da na koma gida matata ta tare ni.

"Malam, mi kaka jira? Ɗiyam mutane na kwance tun hantsi."

Na ce, "Ke, ba ki san maganam maza ba."

Ta ce, "Da Baba yar rasu, wa yah haƙa mai kushewa?"

Ta buɗe adaka ta ɗauki farin ƙyalle, ta yafa zane, ta shige gidan Likita don ta taya uwar wankan gawa. Ranar ko izinina ba ta nema ba, ni kuwa ba ni da fuskar hana ta.

Wajen azahar na ji muryarsa ta saman danga. "Maƙwabci, ko kana da dagi? Fartanyata ba ta cin ƙasar can." Bai ce in zo ba. Na ɗauko dagin da nake haƙa rijiyar albasa da shi, na miƙa masa ta saman kara, na ce Allah shi ba da haƙuri. Ya karɓa ya ɗan tsaya yana dubana. Na sunkuya kamar ina gyara igiyar akuya, har na ji tafiyarsa.

Na zauna a zaure ina tufkar igiyar da ba na bukata. Daga baya na ji cewa kutare biyu daga cikin masu karɓar ƙwaya sun bi shi fakon. Ba su da yatsun riƙe dagi, sai suka riƙa kwashe masa ƙasa da dungun hannu. Da ya gama ya dawo ya ɗauki 'yar a tabarma, ya wuce ta ƙofar zaurena, uwar tana biye. Na gan su sarai. Shekara ta fi hamsin yanzu, kuma ban taɓa samun uzurin da zan ba kaina ya zauna ba. Kunyar ranar har yau ina jin ta.

La'asar sakaliya ya yi sallama a ƙofar zaurena. Ya wanke dagin tas, ya miƙo mini da hannu biyu. Tafukansa sun yi kanta sun fashe, jini ya bushe a kansu. Ya ce, "Na gode, maƙwabci. Ba don shi ba, da har yanzu ina can." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ya juya zai tafi, sai ya dawo. Ya ce an gaya masa kura na tono sabon kabari a wajen gari, ina zai samu ƙayar da zai rufe shi kafin rana ta faɗi? Na san inda sarƙaƙiyar take, can bakin gulbi. Gatarina yana jingine a bayan ƙofa, jakina yana ɗaure a turke. Na leƙa wajen tsamiya, na ga har yanzu akwai mutane a zaune.

Sai na ɗaga hannu na nuna masa hanya.