Baba Ƙararrawa da Koren Fenti

Duk wanda ya taɓa shan shayin safe a tashar motar unguwar nan ya ci burodin Baba Ƙararrawa, ko ya san shi ko bai san shi ba. Tun yana saurayi yake ɗauko burodi a bayan kekensa, cikin akwatin katako da ya ɗaure da robar taya, ya ratsa titin kasuwa, ya sauke wa masu kanti, ya ƙare a wurin mai shayin tasha, wanda shi ke karɓar rabin kayan. Da wannan keken ya yi wa 'ya'yansa mata makaranta. Ƙararrawar da yake kaɗawa tun daga kwanar masallaci ita ta cinye sunansa na yanka.

Bai taɓa shiga siyasa ba. Abu ɗaya yake roƙo a duniyar nan, a bar masa ɗan gefen titi. Masu babur sun sha kaɗe shi, wata mota ta taɓa murƙushe masa akwati, tabon yana nan a gwiwarsa har yau. Saboda haka da zaɓe ya matso, kansila ya fara shelar zai yi wa masu keke hanyarsu, Baba ya ji kamar da shi ake magana.

Yaran kansila suka je gidan burodi neman dattijo mai farin gemu da zai shige gaba ranar buɗe hanya. Suka ba shi sabuwar riga da hular kwano. Da ya saka a gida, matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam, kai da ko taron unguwa ba ka zuwa, yau kai ne gaban kyamara? Hular nan kamar an kifa maka tukunya."

"Ke dai bari," in ji shi. "Hanya za a yi mana. Ko ba don ni ba, don na baya."

Kuskurensa ɗaya, bai tambayi inda hanyar take ba. Shi a tunaninsa, inda masu keke ke bi nan za a yi hanyar keke. Ranar buɗe hanyar ya tarar an shafa koren fenti daga ƙofar ofishin ƙaramar hukuma zuwa bayan makarantar firamare, inda titin ya ƙare a bakin kwata. Babu kanti, babu tasha, sai awaki. Ya hau ya je ya dawo, aka tafa, aka ɗauki hoto. Da ya sami sarari ya matso kusa da kansila.

"Yallaɓai, titin kasuwa fa?"

"Shi ne kashi na biyu, Baba. Ka dai yi mana addu'a."

Ya yi addu'ar, ya kuma jefa ƙuri'ar. Kashi na biyu kuwa ya zo, amma ba fenti ba ne. Sanarwa ce: tunda an yi wa masu keke hanyarsu, an hana hawa keke a titin kasuwa, don rage cunkoso. Ku ji fa! Motoci a jere layi biyu sun toshe hanya, masu babur suna bin hannun da ba nasu ba, amma wai tsohon da ke lallaɓawa a gefen kwata shi ne cunkoso. Dalili kuwa a fili yake. Masu mota suna da ƙungiya, masu babur suna da ƙungiya, mai keke ba shi da kowa sai ƙafarsa.

Ma'aikatan kula da titi suka tare shi da sassafe, daidai ƙarƙashin ƙaton allon da ke ɗauke da hotonsa yana murmushi da hular kwano.

"Baba, sauko."

"Ɗana, burodi ne, jira ake yi."

"Doka ce. Ba an yi muku taku hanyar ba?"

Baba ya ɗaga hannu ya nuna allon. "Ka ga wancan? Ai ni ne."

Ma'aikacin ya kalli allon, ya kalle shi. "To ashe ka fi kowa sanin inda take."

Suka kwance akwatin suka ajiye masa a ƙasa, suka jefa keken cikin motarsu. Baba ya ɗora akwatin a ka. Kafin ya isa tasha, direbobi sun sha shayinsu babu burodi sun kama hanya. Mai shayi bai yi masa faɗa ba, sai dai ya ce, "Baba, ka yi ƙoƙari ka karɓo shi da wuri."

Da wuri ina! Ya yi ta zarya ofishin ƙaramar hukuma, yana zama a benci har yamma, ana ce masa yallaɓai yana taro. Daga ƙarshe babbar 'yarsa ta ajiye aikinta ta raka shi, ta tsaya a bakin ƙofa har kansila ya fito.

"Baba, lafiya? Taimako ake nema?" in ji kansila, yana laluba aljihu.

"Ba bara muka zo ba, yallaɓai," in ji ta. "Juya ka duba bangon da ke bayanka. Mahaifina ne ka manna a wurin."

Kansila ya juya, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce ai hular ce ta sa bai gane shi ba. Nan take ya sa aka fito da keken, tayar baya a sace. Baba ya yi godiya har da durƙusawa, 'yar tana hararar sa.

"To yallaɓai, titin kasuwar?"

"Doka ta riga ta fita, Baba. Amma hawa aka hana, ba a hana turawa ba."

A hanya 'yar ta ce, "Baba, ka huta haka nan mana. Mu ba mu mutu ba."

"In zauna in yi me? In riƙa ƙirga ƙudaje?"

Washegari ya turo keken tun daga gidan burodi, gwiwar nan tana ciwo, gumi ya jiƙa masa riga. Ya tarar da burodin wani a kan teburin mai shayi, wani mai babur ya riga ya sauke ya tafi. Mai shayi ya kasa haɗa ido da shi.

"Baba, ka yi haƙuri. Direba ba ya jiran kowa. Ba zan ce musu su zauna sai kansila ya gama taro ba."

Baba ya tsaya riƙe da keken. Mai shayi ya yi ta goge teburin da ya riga ya goge.

"Amma na yamma," in ji shi can, "na yamma babu gaggawa. In za ka iya, naka ne. Bai kai na safe ba, ka sani."

"Na sani," in ji Baba. "Zan kawo."

Ya juya keken, akwatin cike kamar yadda ya zo da shi, ya kama turawa zuwa kantunan da ke can ƙarshen kasuwa, ko akwai wanda bai saya ba tukuna.