Ƙofar Motar Surukin Mai Kala

Shekara ashirin da biyu Mai Kala ya yi yana haɗa fentin mota a garejin nan, da gwangwanin madara da tsinken katako. Ba mai surutu ba ne. Zai tsaya gaban mota, ya lashi yatsa ya goga a jikinta, ya runtse ido ɗaya, ya tafi ya dawo da kalar da ko mai motar ba zai gane inda aka taɓa ba.

Da maigidan gareji ya sayo na'urar haɗa fenti, babu wanda ya kai Mai Kala murna. Ka danna lambar kalar mota, ita kuma ta ɗiɗɗiga fenti cikin gwangwani, minti biyar an gama. Ya daina komawa gida da ciwon kai, matarsa ta huta da wankin riguna masu dabbare-dabbare. Shekara uku yana zaune kan kujera a ɗakin na'ura, ƙarƙashin fitila, har ya ajiye tumbi.

Ran nan sai ga surukinsa da tsohuwar motarsa shuɗiya, wadda rana ta gama cinye wa launi, an sauya mata ƙofar baya. Tsohon nan kuwa duk inda ya zauna sai ya faɗa wa mutane mijin 'yarsa ido gare shi. Mai Kala ya danna lamba, ya fesa. Na'ura ba ta yi ƙarya ba, shuɗin ranar da motar ta fito daga kamfani ta ba shi. Ƙofa ta fito fes tana walƙiya, kamar haƙorin roba a bakin tsoho.

Surukin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, madalla." Ya ce jibi zai dawo. Da zagi ya yi, da ya fi sauƙi.

Mai walda, abokin tsokanar Mai Kala, ya ba shi shawarar ya shanya ƙofar a rana shekara goma sha biyar, za ta kamo 'yan'uwanta.

Mai Kala ya lalubo gwangwaninsa a bayan kanta. Haɗin farko ya yi kore, na biyu ya yi duhu, na uku kuwa shi kansa bai san sunansa ba. Ya ajiye tsinken. Ba ƙofar ce ta tsorata shi ba. Tsoronsa kada a ce idon ya tafi yana zaune kan kujera, kuma ba wani ya ƙwace ba, shi ya sake shi.

Washegari da hantsi matarsa ta kawo masa abinci, ta tarar da gwangwanaye jere ƙarƙashin fitila. Ita tela ce. Ta ce ita dai ko zare ba ta zaɓa a cikin ɗaki.

"Baban yara, yaushe ka fara haɗa kala a inuwa?"

Ya miƙe zumbur har kujerar ta kife. Ya ƙwala wa mai walda kira, suka turo motar tsakiyar fili. Ya lashi yatsa ya goga, ya runtse ido. Ga abin nan ɓaro-ɓaro: toka-toka a sama, ɗan rawaya kwance can ƙasa. Fari ɗigo uku, baƙi a bakin tsinke, rawaya kamar ba a sa ba. Yana juyawa yana dariya shi kaɗai, abinci ya huce bai sani ba.

Da surukin ya dawo, sau biyu ya zagaya motar. Ya tsaya a wata ƙofa, ya shafa ta, ya tambaya ko ita ce.

Mai Kala ya sunkuyar da kai, bakinsa ya ƙi rufuwa. "Ɗayar ce, Baba."

Har yau na'urar tana aiki, kuma har yau yana yabonta. Sai dai kullum da safe, kafin ya kunna ta, sai ya fita fili da gwangwani ya haɗa kalar kowace mota ya fara cin karo da ita. Kujerar kuwa mai walda ya ba wa.