Mai Kunne da Falon Tsohon Direba

Ƙarfe bakwai da rabi na safe Baba Mai Kunne yake ɗaga ƙofar shagonsa. Zai yi shara, ya goge teburin aiki, ya jera sukundirebobinsa daga ƙarami zuwa babba, ya jona ƙarfen da yake narka dalma da shi, sannan ya kunna wata tsohuwar rediyo can ƙasa-ƙasa, yadda sai ka matso za ka gane labarai ake karantawa. Kayan sauti yake sayarwa kuma yake gyarawa, amma duk layin babu shagon da ya kai nasa shiru. Maƙwabcinsa mai gyaran agogo yakan ce shekara talatin da takwas suna bango ɗaya, agogunansa sun fi lasifikokin Mai Kunne damun jama'a.

Abin da ya fi shahara a kai shi ne amfilifaya, wato akwatin nan mai nauyi da ke ba lasifikoki ƙarfi. Masu son mai da falonsu ƙaramin gidan sinima sukan jera lasifika biyar ko bakwai, wasu a gaba, ɗaya a tsakiya, wasu a baya, kuma kowace tana buƙatar layinta daga cikin akwatin. Nan ne mutane ke tafka kuskure. Mutum zai shigo yana huci, ya nuna kwalin da aka rubuta wa wat dubu biyar da jan rubutu, ya ce shi wannan yake so, wanda in ya kunna maƙwabta za su san ya dawo gida. Mai Kunne zai bar shi ya gama, sannan ya ɗauki hularsa ya ce, "Mu je in ga ɗakin."

Wannan ita ce dokarsa, kuma ta kore masa masu saye da yawa. Ba ya ba mutum amfilifaya sai ya shiga ɗakin da za a ajiye ta, ya tafa hannu sau biyu ya ji yadda bango ke mayar da amo, ya juya kowace lasifika ya karanta abin da aka rubuta a bayanta. Mai askin da ke bakin titi har yau yana ba da labarin yadda ya je neman mai layi bakwai, Mai Kunne ya leƙa ɗakinsa ya ce, "Ɗan nan, in ka sa lasifika bakwai a nan, kai a ina za ka zauna?" Wani malamin makaranta kuma tasa ce take ɗaukewa da zarar fim ya yi daɗi, har ya yanke shawarar sayen sabuwa. Mai Kunne ya je ya tarar an kulle ta cikin kabet babu ta inda iska za ta shiga. Ya kwance allon bayan kabet ɗin, ya ce a bar ta ta sha iska, ya koma shagonsa.

Amma aikin da ya sa aka ga ya kamata a jinjina masa a bainar jama'a shi ne na gidan wani tsohon direban bas.

Direba ya yi shekara talatin da biyar a kan sitiyari, ya yi ritaya da lafiyarsa, in ban da kunne. Abin da ya fi so a duniya shi ne bayan la'asar a haɗu a falo, shi da mai ɗakinsa da 'ya'ya da duk wanda ya kawo ziyara, a sa fim, shi kuwa yana daga kujerarsa yana yi wa 'yan wasa gyara. Sannu a hankali maganar fim ta soma ɓace masa. Za a kwashe da dariya, shi ya waiwayo ya ce, "Me ya ce?" Mai ɗakinsa ta sunkuyo ta maimaita masa, kafin ta gama an wuce wurin, ita ta rasa na gaba, shi kuma dariyar ta riga ta huce. Da abin ya ishe shi sai ya soma cewa barci yake ji. Ya shige ɗaki ya turo ƙofa, alhali kowa ya san idonsa biyu.

'Yarsa nas ce, saboda haka ta san abin da sauran ba su so su sani ba. Likita ya ba shi na'urar kunne, yana sawa, tana taimaka masa a hira ta mutum biyu, amma likitan ya gaya mata jin zai ci gaba da raguwa. Shekara nawa ya rage, babu mai iya cewa. Abin da ke ci mata rai shi ne ɗan lokacin da ya rage ɗin mahaifinta yana cinye shi shi kaɗai a bayan ƙofa.

Yayanta, babban ɗan gidan, shi ma abin yana damunsa, sai ya yi irin maganin da ya sani. Ya sayo amfilifaya mai layi bakwai, gabanta fitilu shuɗi da ja suna ta tsalle, ya haɗa ta da lasifika biyar da dama suke falon, ya murɗa har ƙarshe. Tagogi suka yi ta kaɗawa, hoton auren iyayensu ya karkace a bango. Direba ya zauna na minti goma, ya cire na'urar kunnensa ya sa a aljihu, ya ce musu sai an jima.

Washegari Nas ta sauka daga aikin safe ta zarce shagon Mai Kunne da fararen kayanta.

"Baba, wadda ta fi ta Yaya ƙarfi nake so," in ji ta. "Duk wadda ta fi kowace ƙarfi a shagon nan."

"Wa zai saurara?"

"Abbanmu. Ba ya ji sosai."

"Ƙara ce ba ya ji, ko magana?"

Ba ta taɓa raba su biyu ba. Ya ɗauki hularsa.

Da suka isa, Mai Kunne ya gaisa da mutanen gida, ya tafa hannu sau biyu a tsakiyar falo, ya juya lasifikokin ɗaya bayan ɗaya. Ta tsakiya, wadda kusan duk maganar 'yan wasa ta cikinta take fitowa, ya same ta a ƙasan tebur, an ɗora mata kwalbar furen roba a gaba don kada ta ɓata ado. Ya tambayi inda maigida yake zama, aka nuna masa wata kujera can gefe, jikin taga, dab da lasifikar baya. Ya zauna a kai, ya ce a kunna. Ruwan sama da harbe-harbe da ƙugin mota suka zubo masa a ka, bakin 'yan wasa na motsi kamar ana kallonsu ta gilashi.

Yaya ya ce, "Mun yi, mun yi ya dawo tsakiya, ya ƙi."

"Ba zai dawo ba," in ji Mai Kunne. "Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar taga tana gefensa, yau ka ce ya zauna a kujerar fasinja?"

Ya sa aka yi masa sallama da Direba. Da tsohon ya fito, Mai Kunne ya tsaya a gabansa sosai yadda zai ga bakinsa, ya ce, "Malam Direba, wane kunne ne ya sha iskar taga?"

Direba ya dube shi da kyau. Duk waɗanda suka yi ta ihu a kansa shekara biyu, babu wanda ya yi masa wannan tambaya. Ya taɓa kunne ɗaya ya ce, "Wannan ai ya riga ni ritaya."

Mai Kunne ya zagaya wajen ɗaya kunnen. "Ka taɓa tuƙa motar da take gudu in babu kowa a ciki, amma in ta cika sai ta kasa hawa tudu?"

"Tuƙawa kawai? Har turawa na yi."

"To ita ce aka sayo maka. Lambar da ke kan kwalin, an auna ta ne layi ɗaya na aiki, shi ma na ƙiftawar ido. In duka lasifikokin suka nemi ƙarfi lokaci guda sai ta sare, sauti ya dagule, magana ce kuma take fara nutsewa. Ga shi lasifikokinka irin masu jan wuta ne, lamba huɗu ce a bayansu, ita kuwa an yi ta ne don masu lamba takwas."

Fuskar Yaya ta canza, don da zuciya ɗaya ya yi sayayyar nan. Mai Kunne ya lura, kuma ba halinsa ba ne ya kunyata ɗa a gaban uba. Ya ce, "Ɗana, bayana ba ya son nauyi yanzu. Zo mu je shago ka taimake ni." A can ya nuna masa wata baƙar amfilifaya mai layi biyar, ba fitila ko ɗaya sai 'yar ƙaramar da ke nuna an kunna, lambar da ke jikinta ko kusa ba ta kai ta kwalin nan ba. Yaya ya kai hannu ɗaya kamar yadda ya ɗauki tasa, ta ƙi motsi. Sai da ya sa hannu biyu ya yi nishi.

"Nauyin nan taransfoma ce," in ji Mai Kunne. "Ita ke riƙe layi biyar ɗin in sun tashi tare. Lasifika biyar gare ku, layi biyar ya ishe ku. Kuma duba baya, kowane layi da abin murɗawarsa. Shi na zo nema."

Suka koma. Yaya da kansa ya ciro lasifikar tsakiya daga ƙasan tebur, ya ɗora ta daidai tsayin kunnen mai zaune, aka ɗan karkata ta wajen kujerar taga. Mai Kunne ya rage layukan baya, ya rage ƙugi. Sai ya tsaya da hannunsa a kan abin murɗa layin tsakiya, ya faɗi abin da ko mai gyaran agogo bai taɓa ji daga bakinsa ba.

"Malam Direba, ni ma nawa sun soma tafiya. Siraran sautuka sun daina zo mini tun bara. Yau ba zan amince da kunnena ba, naka za mu bi. Mayar da na'urarka, ka zauna inda ka saba. In magana ta fito maka, ɗaga hannu."

Aka sa fim. Mai Kunne yana murɗawa kaɗan-kaɗan, idonsa a kan tsohon. Nas ta tsaya bakin ƙofa, ta san in wannan bai yi ba mahaifinta ba zai sake yarda a gwada wani abu ba. Minti ɗaya ya wuce. Direba bai ɗaga hannu ba. A cikin fim ɗin wani ya yaɓa wa surukinsa magana, mai ɗakin Direba ta sunkuyo kamar kullum za ta maimaita masa, sai ta tarar kafaɗunsa na rawa. Dariya yake yi.

"Na ji, na ji," ya ce mata. "Bari in ji amsar da zai ba shi."

Ya manta da zancen ɗaga hannu gaba ɗaya. Nas ta juya ta shige kicin, ta daɗe ba ta fito ba. Mai Kunne ya sa fensir ya yi alama a inda kowane abin murɗawa ya tsaya, ya ce wa Yaya in jin Abba ya ƙara raguwa, na tsakiya kawai za a ɗan ƙara, kuma kada a fasa zuwa wajen likita, don shi mai haɗa wayoyi ne kawai.

Ƙarshen watan nan Baba Mai Kunne zai sauke ƙofar shagonsa, ba zai sake ɗaga ta ba. Babu wanda ya kore shi, hannunsa bai soma rawa ba, masu nemansa ba su ragu ba. Cewa ya yi ba zai zaɓa wa mutane abin da shi kansa ba ya iya ji sosai ba. Mutane da yawa a matsayinsa da sun yi shiru sun ci gaba, kuma babu mai ganewa.

Kai ne, Mai Kunne, wanda ya zauna a kujerar mutum kafin ya ce masa ga abin da ya dace da shi. Kai ne ka sayar da ƙarama a inda ake roƙonka babba, ka faɗi rauninka a gaban baƙi don aiki ya yi kyau. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya bar maka sauran jin da ya rage, ya sa hutun nan ya karɓe ka.

Ku kuma da za ku gaji layin nan, masu shaguna sababbi da fitilu masu walƙiya, ba a ce ku daina sayar da manyan kaya ba. Amma kafin ku miƙa wa mutum kwali, ku tambaye shi wa zai saurara, ku taka ku je ku ga ɗakin. Tafiyar ba ta da nisa.

Jin Direba yana ci gaba da raguwa kamar yadda likita ya faɗa, Yaya ya riga ya ƙara layin tsakiya sau ɗaya. Amma kullum bayan la'asar Direba yana falo, yana yi wa 'yan wasa gyara, har sai an ce masa ya yi shiru. Da ya ji labarin rufe shagon, sai ya aiko Nas da saƙo. Ya ce a gaya maka, Mai Kunne, ya sa an ajiye kujera kusa da tasa, jikin taga. Ka zo da kunnenka mai kyau, shi ma zai kawo nasa, abin da ya kuɓuce wa ɗaya sai ɗayan ya gaya masa.