Ɗaurin Tankari a Kogin Guangzhou

Sunansa Tankari Jika Yalwa, mutumin ƙasar Yawuri. Na san shi wata Juma'a cikin watan Afrilu na shekarar 1997, a farfajiyar tsohon masallacin Guangzhou na ƙasar Sin, lokacin da Hausawan birnin duka ba su fi su ci tuwo a akushi ɗaya ba. Ni yadi nake saye in kai Kano, shi kuwa raga da igiya da kayan injin kwalekwale yake kai wa masuntan garinsu. Sai da na haura shekara arba'in na koyi riƙe alƙalami, saboda haka ba kowa nake ɓata wa tawada ba. Tankari ya cancanta.

Ubansa da kakansa masassaƙan jirgin ruwa ne, kuma ba ya bari a manta da hakan. Ni yana kirana Alhajin tudu, don a ganinsa Bakano bai san ruwan da ya wuce na buta ba. Ni kuma ina ce masa Sarkin Ruwa.

A masallacin nan muka saba da wani dattijo Musulmi ɗan ƙasar, muna kiransa Baba Ma. Tsohon ma'aikacin jirgin dakon kaya ne, har Legas ya taɓa zuwa, yana da ɗan Turancin da ya ishe mu hira. Yana da ƙaramin jirgin katako mai tafiya da iska, irin mai doguwar sanda da ƙaton zane, wanda mahaifinsa ya ƙera. Burinsa ya tuƙa shi sau ɗaya tak zuwa ƙauyensu da ke kusa da bakin teku, ya ajiye shi can, tun ƙarfinsa bai ƙare ba.

A watan Agusta na 1998 ya gayyace mu gwajin jirgin. Muka yi yawo a kogi da hantsi, muka dawo wata gadar katako inda ake ɗaure jirage, can ƙasa da tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Dattijon ya riga mu hawa tudu don ya sa a dafa abinci, ya bar wa Tankari igiya. Tankari ya ɗaure jirgin gaba da baya, gajeren ɗauri, tamau, yadda ake yi a garinsu Yalwa don kada ruwa ya yi wasa da jirgi. Har ya kira ni in ga abin da Kanawa ba su iya ba.

Abin da bai sani ba shi ne, kogin garinsu sau ɗaya yake cika a damina ya ja baya da rani, wannan kuwa teku ke juya shi, kullum yana cika yana janyewa sau biyu. Da muka dawo bayan la'asar, ruwa ya sauka fiye da tsayin mutum. Jirgin yana rataye a jikin gada, ya karkace, katako biyu na gefensa sun tsage, sauran sun buɗe baki.

Baba Ma bai yi faɗa ba. Ya shafa tsagar da tafin hannu, ya ce laifinsa ne da bai yi bayani ba, kuma zai nemi masu gyara. A lokacin saura kwana biyar jirgin saman Tankari ya tashi, kayansa sun riga sun tafi, maiɗakinsa Saude tana lissafin ranar dawowarsa. Na ja shi gefe na tuna masa duk wannan.

Ya ce, “Alhaji, in na tafi yanzu, me zan gaya wa mutanen gidanmu? Jikan masassaƙa ya karya jirgin tsoho, ya hau na sama ya gudu? Hannun da ya ɗaure shi ne zai gyara.”

Washegari ya fara da abin da ya kayar da shi. Ya kafa sanda a laka, ya zauna yini guda yana yi mata alama, har ya gane lokacin cikar ruwa da na janyewarsa. Da ruwa ya cika, muka ja jirgin kan wani tudun laka, da ya janye, jirgin ya zauna a sarari. Ya cire katakon da suka tsage, ya ari gizago, ya sassaƙa sababbi. A garinsu tsumma ake cusawa tsakanin katako a bi da man kaɗe. Tsumma ba ta yi wuya ba, ni na cika buhu da ƙyallaye daga shagunan titin Guangyuan. Man kaɗe kuwa duk inda ya tambaya sai a ce masa “mei yo”, wato babu. Baba Ma ya nuna masa nasu haɗin, farar ƙasa da man wani itace, a kirɓa har ya yi danƙo. Tankari ya shinshina, ya murza a yatsa, ya ce ba laifi, wanda a bakinsa babban yabo ne.

Sai dai haɗin yana son rana kafin ya kama. Ranar da ya gama cusa tsumma, rediyo ya sanar da guguwar teku, aka hana ƙananan jirage motsi. Ruwa ya sauka kwana tara, yana ɗan tsagaitawa yana dawowa. Ranar tafiyarsa ta zo ta wuce yana zaune ƙarƙashin tamfol, yana gadin katakonsa kada su jiƙe. Ni na rubuta masa takardar da aka aika wa Saude, da hannuna, shafi guda cur.

A kwana na bakwai rana ta ɗan leƙo, Baba Ma ya matsu, ya ce a shafa haɗin a tafi. Ni ma na goyi bayansa, don na ga Tankari ya rame. Tankari ya ƙi. Ya ce katako bai bushe ba, in an shafa yau, a tsakiyar kogi zai saki.

Na ce, “Sarkin Ruwa, wanda ya rataye jirgi kamar rigar wanki shi ne yau yake hana mai jirgi tafiya?”

Ya yi dariya, karo na farko tun ranar da abin ya faru. Ya ce, “Alhajin tudu, na yi gaggawa sau ɗaya, kowa ya gani. Ba zan ƙara ba.”

Da gari ya washe sosai, ya shafa, ya jira kwana uku. Sannan ruwa ya cika ya ɗaga jirgin. Tankari ya kwanta rubda-ciki yana bin kowace tsaga da yatsa, ya tashi ya nuna wa dattijon hannunsa a bushe. Baba Ma ya ɗaga zane, iska ta kama, ya miƙa masa sandar tuƙi. Na bi su duk da tsorona, kuma na ga yadda masu manyan jiragen ƙarfe suke leƙowa suna kallon Bahaushe yana tuƙa jirgin iska a koginsu.

Da muka isa ƙauyen da yamma, dattijon ya ɗauki igiya, sai ya jefa wa Tankari. Tankari ya dubi alamar ruwa a jikin ginshiƙin gada, ya saki igiya tsawon gaba uku, sannan ya ƙulla.

Daga baya na ji ya koma harkar Legas, bai sake zuwa Sin ba. Rabona da shi tun da na raka shi filin jirgin sama na Baiyun, ranar Talata, ɗaya ga watan Satumba, 1998.