Jakin da aka bari a zango

Abu uku na lissafa ranar da 'yata Rukayya ta sauko daga keke mai ƙafa uku da muke kira yelo-yelo a ƙofar shagona na unguwar Lamashegu, ana tsakiyar karatu: shekarun da ta yi a makaranta, jarrabawar ƙarshe ta sakandare da ta rage 'yan watanni, da kwaɗon akwatinta da aka ɓalle. Na ukun ne mafi araha, shi ne kuma yake neman cinye sauran biyun.

Agogon wata yarinya ne ya ɓace a ɗakin kwanansu. Ɗakin cike yake da 'yan mata daga ko'ina a Gana, amma akwatin Rukayya aka fara fasawa, kuma daga nata aka tsaya. Garin rogo suka samu, da soyayyen yajin da muke kira shito, da sabulu. Wata ta ce, "To, ai kun san 'yan zongo, ba a akwati suke ɓoyewa ba." Aka yi dariya.

"Baba, ba zan koma ba," in ji ta. "Ka ba ni wuri a shago."

Ni mai sayar da kayan moto ne, wato babur. Da facin taya na fara a bakin titi, kuma duk abin da na samu, da ido da haƙuri na same shi. Na san yadda ake shawo kan mai saye. Amma na yi wa yarinyar nan magana da lallashi, na yi da faɗa, ko gezau. Ranar nan da na rufe shago, ba uwarta na tuna ba, ba malamanta ba. Kakata na tuna.

A unguwar Nyohini muka tashi, a gidan haya mai ɗakuna da yawa da tsakar gida ɗaya. Kaka, mahaifiyar babana, man kaɗanya take yi. In ta sauke tukunyar ƙarshe bayan magariba, garwashin yakan daɗe bai mutu ba, sai mu jefa gutsuren doya mu zagaye murhu, mu da 'ya'yan maƙwabta Dagomba waɗanda Hausarsu ta kasuwa ce. Hayaƙi yana shiga ido, hannuwanta suna sheƙi da mai. Iyayenta fatake ne, da ayarin goro suka shigo ƙasar nan, kuma har ta rasu Hausarta ba ta lanƙwashe ba. Mu kuwa komai "ya" ne a bakinmu. In na ce, "Ku yi shiru, Kaka ya zo," sai ta kai mini duka da mafici.

"Ta zo, maigida! Ka ga gemu a haɓata? Miji irinka, ko cefane babu, ga shi ka mai da ni namiji."

Haka ma in mun ce zongo. "Zango," takan ce. "Buɗe bakinka."

Tana da hanyarta ta buɗe tatsuniya. Takan ce, "Ga ta can tafe da kaya a ka." Mu amsa, "A sauke mata, ta sha ruwa." Wadda muka fi nema ita ce ta jaki.

Wai wani ayari ne ya sauka a bayan wani gari, da goro da gishiri. Da za su tashi, jaki ɗaya ya gurgunce, suka bar shi a zango. Ya warke, ya zauna nan yana cin ciyawar bakin rafi. Dabbobin gari ba su san sunansa ba, ba su kuma tambaya ba. Ɗan zango kawai suke ce masa. In igiya ta ɓace, ɗan zango. In kaza ta kwana waje, ɗan zango. Ran nan aka wayi gari an huda rumbun sarki an kwashe hatsi. Aka jawo jaki gaban kowa, aka buɗe bakinsa, aka duba kofatonsa. Ba a ga komai ba. Akuya ta ce irinsu a ciki suke ɓoyewa. Jaki ya ga in ya yi musu za a ce bakin ɓarawo ne, in ya yi shiru za a ce ya amsa. Sai ya ɗaga kai ya yi waƙa. A nan Kaka takan rage murya, tana buga gwiwa da tafin hannu:

Ni ɗan zango ne, ban ɓoye ba,
inda mai tafiya ke sauke kaya.
Bayana ya san nauyin goro,
bakina bai san hatsin kowa ba.
Ku dubi tabon da ke kafaɗata,
igiya ce ta yi shi, ba sata ba.

Ba su sake shi don waƙar ba. Sun jefe shi, suka kora shi bakin rafi. Amma 'yan maruƙa da 'yan tumaki sun ji, kuma waƙar ta manne musu. Suna kiwo suna rerawa, iyayensu suna hana su, suna ƙara rerawa. Da suka girma, in an ce a jefi ɗan zango, sai dutsen ya yi musu nauyi. Nan Kaka takan tsaya, ta ce tatsuniya ta huta, ta ɗauki kayanta.

"Kaka, to wa ya ci hatsin?"

"Ina na sani? Aikin jaki ne ya nemo musu ɓarawo? Tashi ka juya doyarka, ta ƙone."

Wannan amsa ta daɗe tana ba ni haushi. Ina son a kama akuya. Sai da na girma, na ga mai saye ya ƙirga canjinsa sau biyu a gabana don ya ji ina Hausa, na gane Kaka ba ta yi mana ƙarya ba ko don mu yi barci da daɗi.

Washegari na sa Rukayya ta jera filogi a shago, ina rera waƙar ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Baba, wannan fa?" Na ba ta labarin. Sannan na tambaye ta ma'anar zango. Ta ce unguwa ce, inda Musulmi suke, inda kwata take wari. Yarinya mai shirin gama sakandare, ta san sunayen kogunan ƙasashen da ba za ta taɓa zuwa ba, amma kalmar da ake zaginta da ita, fassarar masu zagin kawai ta sani. Na ce mata wuri ne da matafiyi yake sauke kaya, a ba shi ruwa, ya kwana lafiya, ya ƙara gaba. Ta ci gaba da jera filogi.

Bayan kwana kaɗan malamarsu ta adabi, Madam Azara, ta zo shagon a kan motonta. Ta ce akwai taron iyaye, ɗalibai za su karanta waƙoƙin da suka rubuta, tana son Rukayya ta yi ɗaya.

Na ce, "Madam, waƙa za ta gyara kwaɗo?"

Ta ce, "Alhaji, kwaɗo kai za ka saya. Ni yarinyar nake son ta dawo da bakinta."

Rukayya ta koma makaranta don waƙar, ba don ni ba. Rabi da Turanci ta rubuta, rabi baitukan Kaka. Sai da Madam Azara ta yi rigima kafin a bari, don an ce ba a yaren gida a dandalin makaranta. Na je. Rukayya ta tsaya, ta lissafa abin da aka samu a akwatinta, gari da shito da sabulu, aka fara dariya. Da ta kai ga tabon kafaɗa, ta fassara musu shi, dariyar ta mutu. Wasu sun tafa. Wasu suna kallon ƙasa. Wani uba a bayana ya ce wa na kusa da shi 'yan zongo akwai baki.

Abin da ke damuna shi ne, malama ɗaya ce ta yi wannan, a lokacin da ta sato daga shirin jarrabawa. An riga an mai da ita wata makaranta. Yara nawa ne a garin nan ake kira da sunan da ba su zaɓa ba, ɗan ƙauye, ɗan Fulani, 'yar kayayo mai dakon kaya a kasuwa, kuma ba su da murhun Kaka, ba su da aji guda da za a ce su tashi su faɗi nasu? Mu a gida waya ta cinye hirar magariba. In makaranta ba ta ba su wurin ba, ban san inda za su samu ba.

Ga lissafina. Ba a ga agogon ba, ba wanda ya ba Rukayya haƙuri, kuma wadda ta yi maganar tana nan tana yi. Wannan asara ce, na rubuta ta asara. Rukayya ta zauna jarrabawarta. Wata ƙaramar yarinya daga kudu ta tare ta a bakin famfo ta ce ta koya mata baitin igiya. Sabon kwaɗon da na saya kuwa yana nan a shago cikin ledarsa. Ta ce in bar shi, akwatin a buɗe zai zauna.