Ƙofa Mai Kogi a Tayuri

A shekarun da arzikin mai ya cika garin Sabha, ko'ina ka waiga gini ne ke tashi. Ni kuwa na gama makarantar horon malamai a Kano, na biyo mahaifina da ke da shagon yadi a unguwar Mahdiya, na zauna ba aji ba ɗalibai. Sai na fara zuwa unguwar Tayuri da hantsi, ina tara 'ya'yan leburori a tsakar gidan wata gwaggona ina koya musu karatu. Iyayensu ba su da iƙama, wato takardar zama, don haka ba su da hanyar sa su makaranta.

A cikinsu akwai wata yarinya, 'yar wani mai fenti daga Damagaram. Baƙaƙe ba sa zama a kanta, amma in ta samu gawayi sai ta zana raƙumi har ka ga gajiyarsa. Ubanta yana aiki a unguwar Gurda, yakan dawo da gwangwanayen fenti da aka yar, don ɗibar ruwa. Ita ce ke kankare sauran da ya manne a gindinsu.

Wata rana na tarar ta mai da ƙofar gidansu ta kwano wata duniya. Kogi shuɗi, dabino a gefensa, da gida mai tagogi da yawa. Yarinyar da ba ta taɓa ganin kogi ba! Na tsaya a rana har na manta da zafi.

Ubanta ya fito yana dariya. Na ce, "Baba, ka ce muhandis, injiniyan nan da kake wa aiki, yakan sauke ka a bakin unguwa. Ka kawo shi ya ga wannan. Ko zai sa baki a ɗauke ta makaranta."

Ya ce, "Malama, lakwal ɗin da kike faɗa ma ni na shafa mata fenti, amma ba ta ɗiyanmu ba ce." Ya daɗe yana kallon kogin, sannan ya ce zai gwada.

Abin da ban sani ba, a Tayuri ba a yi wa ƙofa ado. Duk iri ɗaya ake barin su, tsatsa da ƙura, don in shurɗa, 'yan sanda ke nan, suka shigo neman marasa takarda, kada a samu abin yin kwatance.

Ba a jima ba mai tankar ruwa ya fara cewa, "Ku same ni a ƙofa mai kogi." Sai ga wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta tare ni a lungu.

"Ke 'yar Kano, sannu da zuga. Ubanki yana da takarda, ko? Mu namu a ƙarƙashin gado suke ɓuya. Yau mai ruwa ya san kogi, gobe wa zai sani?"

Na ce, "Inna, yarinyar tana da baiwa."

"Baiwa ce za ta fito mini da ɗana daga motar shurɗa?"



Uban da kansa ya shafe ƙofar, tun kafin ya yi wa muhandis magana. Ya haɗa launin toka, ya bi a hankali kamar yadda ya saba, ya watsa ƙasa a kai don ta yi kama da sauran. Yarinyar ce ta riƙe masa gwangwani. Ba ta yi kuka ba.

Washegari na miƙa mata gawayi. Ta ce, "Malama, bar shi, yana barin alama."

Daga nan da ruwa take zane. Ta tsoma yatsa a buta, ta ja layi a kan sumunti, kafin ta gama wuyan raƙumin ƙafafunsa sun bushe. Nakan zauna kusa da ita ina saurin kallo.

Da ta isa ɗaukar ƙannenta, sai ta daina zuwa. Na sha bi ta layinsu ina neman gidan, amma ban ƙara gane ƙofar ba.